Maigidana na shan bitas a kan maganin asibiti, fushinsa ya fara ba ni tsoro

Assalamu alaikum Anti. Daga Aboabo nake rubuto miki a nan Kumasi, don Allah a sakaya sunana. Shekararmu tara da aure, yaranmu uku. Maigidana makanike ne a Suame Magazine. Shekara shida da suka wuce ya yi wata rashin lafiya, ya kwana biyar bai runtsa ba, yana ta surutu yana rabon kuɗin da ba nasa ba. Aka kai shi asibiti suka ce ciwon baifola ne, wato lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa ran mutum wani lokaci ya yi sama ƙwarai, wani lokaci ya faɗi ƙasa, suka ɗora shi a kan magani. Ya samu sauƙi har muka fara mantawa. Tun bayan Babbar Sallar bara ya fara dawowa gida da wani wari a baki. Da na tambaya ya ce bitas ne, abokan aiki suka ba shi saboda ciwon ƙugu, wai saiwoyi ne kawai. Yanzu kusan kullum sai ya sha. Abu kaɗan sai faɗa. Kwanaki babban yaronmu ya zubar da koko, ya ɗauki buta ya jefe shi, ta wuce ta gefen kansa ta fashe a bango. Makon jiya ya murɗe mini hannu har ya kumbura. Da asuba na same shi a bakin gado yana kuka, ya rantse bai tuna komai ba. Na kuma lura daren da ya sha ba ya haɗiyar ƙwayoyinsa, wai an ce ba a haɗawa. Hajiyarsa ta ce ciwonsa ne ko kuma sammu aka yi masa a wurin aiki, in yi haƙuri in rufa masa asiri. Ƙawata ta ce halinsa ne na gaskiya giya ta fito da shi. Anti, wanne ne? In na gaya wa likitansa zai ce na tona masa asiri, ga shi mutum ne da ba ya wasa da sallah.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk karatun a wurin butar nan nake tsayawa. Allah Ya tsare, Ya ƙara tsarewa. Zan amsa tambayarki, amma bari in fara da abin da yake sha, don tun daga sunansa aka fara yi muku rufa-rufa.

In kin tsinci ledar ko kwalbar a aljihun kayan aikinsa, ki juya bayanta ki duba. Za ki ga lamba tare da alamar kashi cikin ɗari. Irin bitas ɗin da ake sayarwa a shagunan katako da bakin tasha, lambar takan kama daga 30 zuwa 40 da ɗoriya. Biya kuwa, wadda kowa ya yarda giya ce, wajen 5 take. Saiwoyi da ɓawon itace suna ciki, a nan ba a yi masa ƙarya ba, sai dai a cikin barasa aka jiƙa su, barasar da ba ta da nisa da akpeteshi, giyar gargajiyar nan mai zafi, wajen ƙarfi. Idan leda ɗaya mililita 50 ce kuma an rubuta 40, to leda biyu sun fi babbar kwalbar biya bugarwa. Hanta kuma a hankali take aikinta. Leda uku irin wannan sai ta kwashe awa biyar zuwa bakwai tana fama da su, kuma babu wanka, babu shayi mai kauri, babu goro da zai sa ta yi sauri. Na san maza da yawa a zangonninmu da ko kusa da shagon giya ba za su bi ba, amma suna da wannan leda a aljihu suna kiranta maganin basir ko maganin sanyi. Tambayar ko giya tana zama magani ma an yi ta tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani sahabi ya ce yana haɗa giya ne don magani, aka amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce.

To me take yi idan ta shiga? A bayan goshin mutum akwai sashen ƙwaƙwalwa mai cewa “dakata”. Shi ne yake tuna wa uba cewa wanda ya zubar da kokon nan yaro ne, kokon kuma na sidi nawa ne. Wannan sashe yana cikin waɗanda barasa take fara kashe wa jiki. Maigidanki ya fi ni sanin abin da ke samun motar da man birkinta ya tsiyaye alhali injinta lafiya lau. Bayan haka barasa tana ƙuntata ganin zuciya. Mai maye abin da ke gaban idonsa kaɗai yake gani, ya ga koko a ƙasa, amma bai ga hannun yaron yana rawa ba, bai ga gobe ba. Har fuska ma karanta ta yake yi a karkace. Ki yi shiru ya ce raini ne, ki yi magana ya ce rashin kunya ce. Shi ya sa duk bayanin da kika yi masa a irin wannan dare yake komawa kanki. Rantsuwar da ya yi cewa bai tuna ba kuwa, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Idan barasa ta hau jini da sauri, musamman a kan cikin da babu abinci, ƙwaƙwalwa takan daina ajiye abin da ke faruwa, mutum yana tafiya yana magana amma ba abin da ake rubutawa. Sai dai rashin tunawarsa bai sauke kumburin hannunki ba.

Wannan rabin farko ke nan, wanda kowa ya sani. Rabi na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi yi wa mai lalura irin tasa illa. Barasa danne ƙwaƙwalwa take yi, ita kuma ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta, sai ta ƙara sinadaran da ke zaburar da jiki don ta daidaita. Can wajen ƙarfe uku na dare barasar ta ƙare a jini, amma zaburarwar tana nan. Sai mutum ya farka zuciya na bugawa, gumi na keto masa, ga fargabar da ba ta da dalili, ga baƙin ciki kamar an yi masa mutuwa. Kukan asubar nan da kika gani, akwai nadama ta gaskiya a ciki, akwai kuma wannan. Zuwa azahar jikinsa ya zama kamar an ɗaure da waya, ƙarar guduma a gareji ta dame shi, maganar yaron shago ta dame shi. Da yamma sai ya tuna akwai abin da ke sassauta masa cikin minti goma. Haka leda ɗaya take zama biyu, biyu ta zama ta kullum.

Yanzu ki ɗora wannan a kan baifola. Kin tuna yadda ciwon ya fara? Kwana biyar ba barci. Ga mai wannan lalura barci shi ne ginshiƙin ɗaki, kuma rashin barci na dare biyu ko uku kaɗai yana iya tayar da ciwon. Barasa tana kai mutum barci da wuri, amma tana daddatsa rabin dare na ƙarshe, ya tashi kamar bai kwanta ba. Ga shi kuma daren da ya sha yana ajiye ƙwayoyinsa. Magungunan nan aikinsu ya dogara ne da zamansu a jini kullum ba yankewa. Tunda kusan kullum yake sha, ki lissafa da kanki sau nawa ya haɗiyi magani a watan da ya wuce. Ina jin tsoron cewa mijinki ya daɗe da sauka daga kan magani ba tare da shi ko ke kun ankara ba. Mutane sun ɗauka tashin baifola kullum da fara'a da kyauta yake zuwa, kamar yadda ya zo muku a karon farko. Sau da yawa da zafin rai yake zuwa, mutum ya zama kamar garwashi. Don haka ki sa ido a kan ranakun da bai sha ba. Idan da rana tsaka, ba wari a bakinsa, kika ga maganarsa ta yi sauri ba ya bari a sa baki, barcin awa uku ya ishe shi, yana lissafin buɗe gareji uku ko yana kashe kuɗin gyaran motar mutane, to ciwon ne yake dawowa, kuma ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. A ranar ake tafiya asibiti.

Kin ga ke nan Hajiya ta riƙe wani yanki na gaskiya, amma akwai abin da nake so ki sani don kada a ɗora wa ciwon laifin da ba nasa ba. Yawancin masu lalurar ƙwaƙwalwa ba sa dukan kowa. A ƙasar Suwidin an bi bayanan dubban masu baifola na shekaru masu yawa, aka fitar da sakamakon a 2010. Abin da aka gano shi ne, waɗanda ba sa shaye-shaye bambancinsu da sauran jama'a wajen aikata ta'asa kaɗan ne ƙwarai. Haɗarin ya taru ne a wurin waɗanda suka haɗa ciwon da giya ko ƙwaya. Ke ma shaida ce. Shekara biyar yana da wannan ciwon a ɗakinki, buta ba ta taɓa tashi sama ba sai da leda ta shigo. Kuma ba shi kaɗai ba ne ya faɗa wannan rami. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 1990 ya nuna kusan rabin masu nau'in baifola mai tsanani sun taɓa fama da matsalar giya a rayuwarsu. Ciwon da kansa yana jan mutum zuwa gare ta, lokacin da rai ya yi sama don rashin birki, lokacin da ya faɗi ƙasa don neman sauƙi.

Maganar ƙawarki kuwa ban karɓe ta ba. Mutumin da kika zauna da shi shekara takwas yana ciyar da ku, yana tashi sallar asuba, shi ma ai shi ne. Ba a auna halin mutum da lokacin da aka kashe masa rabin hankali. Amma kada wannan ya sa ki wanke shi tas. Ciwo bai zaɓa ba, Allah ne Ya jarrabce shi. Ledar farko ta kowace yamma kuwa da idonsa biyu yake miƙa kuɗi ya karɓa, kuma yanzu ya san abin da ke biyo bayanta. Wannan nauyi nasa ne, kuma tausayin da za ki yi masa shi ne ki ƙi sauke masa shi.

Akwai abin da ba ki rubuta ba, ni zan taɓo shi, in na yi kuskure ki yafe mini. Idan namiji ya ce yana shan bitas don ciwon ƙugu, wani lokaci ƙugun ne da gaske, ballantana mai wuni a kwance ƙarƙashin mota. Wani lokaci kuma sha'anin shimfiɗa yake nufi, kunya ta hana shi faɗa. Wasu daga cikin magungunan da ake ba masu irin ciwonsa suna sa ƙiba da nauyin jiki da yawan barci, wasu kuma suna rage wa namiji sha'awa da ƙarfi. Namiji zai iya shekara yana haɗiye wannan baƙin ciki bai gaya wa likita ba, sai aboki a wurin aiki ya miƙo masa leda ya ce ga maganin maza. Garin neman gira a rasa ido, don barasa in ta daɗe a jiki ita ma kashe wannan ƙarfin take yi. Alhali matsala ce da likita yake da hanyoyinta, ya rage adadi, ya sauya lokacin sha, ko ya canza ƙwayar gaba ɗaya. In kin san akwai wannan a tsakaninku, ke ce kaɗai za ki iya buɗe zancen ba tare da ya ji an ci masa fuska ba.

Na zo kan tambayarki ta ƙarshe, wadda ita ce uwar tambayoyin. E, ki gaya wa likitansa. Bari in ba ki labarin kuskuren da ni na yi. A shekarun da na yi ina aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, akwai wani bawan Allah da yake zuwa mana duk wata, farar jallabiya, carbi a hannu. Cikin tambayoyin takarda akwai ta giya. Na tambaye shi, ya ce a'uzu billahi, ni ma na ji kunyar tambayar, na rubuta babu. Wata bayan wata ciwonsa ya ƙi kwanciya, likita yana ta ƙara masa magani, shi kuma yana ta ƙara nauyi da kasala. Ranar da abin ya fito, mahaifiyarsa ce ta zo da ƙwayoyinsa a baƙar leda don a duba, ta zazzage a kan tebur. Tare da ƙwayoyin sai ga ɓawon ledoji guda shida sun faɗo, ta tsince su a ƙarƙashin katifarsa ta haɗo da su don ta ɗauka su ma na asibiti ne. Har yau ina ganin fuskar tsohuwar nan. Kusan shekara muka yi muna ƙara wa ɗanta maganin da ba shi ne matsalar ba, saboda ni na ga carbi na kasa maimaita tambaya. Tun daga ranar na daina cewa “kana shan giya?” Sai in ce “akwai wani bitas ko maganin basir da kake sha?” Amsar da nake samu ta sauya ƙwarai. Likitan mijinki ma yana iya ganin Musulmi ɗan zango ya wuce wannan tambaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Rufin asirin da Hajiya take nufi yana da muhallinsa, kuma ina girmama shi. Ba za ki kai zancen bakin famfo ba, ba za ki kai shi gidan suna ba. Amma ma'aikacin lafiya amana ce a wuyansa, aikinsa ya hana shi fitar da sirrin maras lafiya. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a gidan haya na Aboabo inda bango ɗaya ya raba ku da maƙwabta, daren da buta ta fashe akwai wanda bai ji ba? Wanda ya rage bai sani ba shi ne mutum ɗaya tilo da zai iya taimako.

Na fi so ya ji daga bakinki kafin ku tafi. Kada ki yi masa maganar da dare, kada kuma ki yi ta a lokacin kukan asuba, don alkawarin wannan lokaci ba ya kai la'asar. Ki nemi ranar da ba ya aiki, ya ci ya ƙoshi, yara ba sa nan. Ki ajiye kalmar mashayi, ki ajiye wa'azi, ya san hukuncin tun yana makarantar allo kuma kunyar wannan sanin tana cikin abin da ke tura shi sha. Ki faɗi abin da idonki ya gani kawai. “Maigida, butar nan saura kaɗan ta sami kan yaronka. Ga hannuna. Na san ba haka kake ba, kuma na lura tun da bitas ɗin nan ya shigo kake ajiye maganinka. Ina so mu je asibiti tare a wannan makon, kuma zan faɗa musu gaskiya a gabanka.” In ya yi fushi ya fita, ki bar shi, maganar ta riga ta shiga. In ya ƙi sam, ke ki tafi da katinsa ki nemi nas ɗin da ke kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ko da ba za su buɗe miki fayil ɗinsa ba, za su saurare ki. Ki kuma nemi namiji ɗaya da yake jin nauyinsa, wansa ko kawunsa ko mastan da ya koya masa aiki, mai riƙe magana, wanda zai raka shi ba wanda zai tara masa jama'a ba. An taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani mutum da aka sha kamawa da shan giya, wani ya tsine masa, sai ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Irin wannan zuciyar nake so mai rakiyar ya zo da ita.

Abu ɗaya kada ki yi, kuma kada ki bari a sa shi ya yi: yankewa dare ɗaya ba tare da likita ba. Na san zuciya tana raya miki ki tattara ledojin ki zubar a kwata, ko a sa shi ya dafa Alƙur'ani ya rantse daga yau ya bari. Wanda jikinsa ya saba da barasa kullum na tsawon watanni, in ya tsaya kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 hannu yakan fara karkarwa, ga gumi da tashin zuciya. Wasu sukan yi farfaɗiya a cikin kwana biyun farko. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan rikice, su riƙa ganin ƙwari ko mutanen da babu su, jiki ya yi zafi, kuma wannan yana kisa in ba a kai asibiti ba. A zango in aka ga haka sai a ce aljanu sun tashi, a kulle ɗaki a kunna turare. Ke in kin ga haka, mota za ki nema zuwa sashen gaggawa. A asibiti akwai maganin da ake bayarwa na 'yan kwanaki don jiki ya sauka lafiya, da bitamin da ke kare ƙwaƙwalwa. Kada kuma wani ya sayo masa diyazefam ko tiramadol a kemis don ya samu barci, haɗuwarsu da barasa tana iya tsayar da numfashi. Batun ko ya sha ƙwayarsa a daren da ya riga ya sha bitas, wannan ya danganta da irin ƙwayar. Mai shan litiyam, bushewar jiki bayan maye tana iya sa maganin ya taru a jini ya zama guba. Mai shan balfurowet, hantarsa ce take ɗaukar kaya biyu. Olanzafin da ire-irensa kuma nauyin barci da jiri suke ninkawa. Ki yi wa likita wannan tambaya da bakinki, ki rubuta amsar.

Kafin duk wannan ya kankama, akwai daren yau da na gobe. In ya shigo kika ji warin, ba ranar magana ba ce. Ki tura yara ɗakin maƙwabciyar da kika yarda da ita, ki shirya da ita tun yanzu cewa in kin ƙwanƙwasa bango ko kin kira ta kin katse, ta turo mijinta. Kada ki bari rigima ta ritsa ki a inda wuƙa da taɓarya suke, ki riƙa zama kusa da ƙofa. Wayarki da caji, ɗan kuɗi a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, wanda bai san da shi ba, katunan asibitin yara a jaka ɗaya. Lambar gaggawa 112 ce. Hannun nan ki kai shi asibiti a duba a rubuta, ko da ya fara saɓewa. In ya sake taɓa ki ko ya taɓa yaro, ki kwashe su ki tafi gidanku, daga can a ci gaba da neman masa magani. Tafiyarki ba ta nufin kin yasar da maras lafiya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta ba ki kariya, kuma 'yan sanda suna da sashe na musamman, DOVVSU, don irin wannan. Ba fata nake ki kai can ba, amma ina so ki san ƙofar tana nan. Haƙurin da ake yaba wa mace ban taɓa jin malamin kirki ya ce ya haɗa da tsayawa a fasa kan ɗanta ba.

Yaron nan ma ki zaunar da shi. Ki gaya masa babansa ba shi da lafiya, ana nema masa magani, kuma ba kokon da ya zubar ne ya jawo ba. Yara sukan ɗauki laifin su rataya a wuyansu su yi shiru.

Ki kuma saurari abin da maigidan yake faɗa a lokacin kukan. In kika ji yana cewa gara ya mutu ku huta, ko ya fara sallama da rabon kayan aikinsa, kada ki ɗauka zancen maye ne. Haɗuwar baifola da giya tana cikin abubuwan da suka fi kai mutum ga hallaka kansa. Ki tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta cusa wa mutum wannan tunani. Ƙwayoyinsa su dawo hannunki kina ba shi na kullum, maganin ɓera da na ƙwari su bar ɗakin, kuma a ranar ku tafi asibiti. Tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a Gana, don haka ba wanda zai kama shi saboda ya faɗi abin da ke ransa.

Hajiya kuwa kada ki yi jayayya da ita a kan sammu, ba za ki ci riba ba, kuma uwa ce, tsoro ne ya cika ta. Ki ce mata a yi addu'a, a yi ruƙiyya, a yi sadaka, a kuma sha magani, duka tare. Inda za ki tsaya da ƙafafunki shi ne in aka ce a ajiye maganin asibiti, ko a kai shi wani wuri a ɗaure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ba shi haƙƙin a kula da shi da mutunci, kuma tun 2017 hukumar da dokar ta kafa ta hana sanya wa masu wannan lalura mari. In da hali ki tafi da Hajiya asibitin ta ji da kunnenta, sau da yawa abin da suruka ta ƙi karɓa daga bakin matar ɗa takan karɓe shi daga bakin nas. Ba sai kun je manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Ankaful ko Pantang ba. A nan Kumasi akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, akwai a asibitin Tafo, amma inda fayil ɗinsa yake nan ya fi, don sun san tarihinsa. Ki sabunta masa katin inshorar lafiya, tun ƙarshen 2024 aka sanya baifola cikin cututtukan da inshorar ke ɗauka, ki tambaya a wurin me ta ɗauke muku.

Ba zan ce miki daga zuwa ɗaya komai zai daidaita ba. Mai barin barasa yakan zame ya koma, wani sau biyu wani sau uku, kuma makonnin farko ransa zai riƙa ɓaci don jiki yana neman abin da ya saba. In ya zame, a koma asibiti a faɗa, a ɗora daga inda aka tsaya. Na ga maza da yawa da suka dawo hayyacinsu bayan wata biyu ko uku da rabuwa da ledar nan, barci ya dawo, maganin da aka ce ba ya aiki ya kama aiki.

Ranar da za ku tafi, ki sa abu huɗu a jakarki: katinsa, duk ƙwayoyin da suka rage don a ƙirga a ga nawa aka tsallake, ɓawon leda ɗaya, da 'yar takarda da kika rubuta ranakun da ya sha, awa nawa ya yi barci, da abin da ya faru a kowane dare. Ki fara rubutun daga yau. In kun dawo ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da likita ya ce, da yadda hannunki ya kwana. Allah Ya ba shi lafiya, Ya tsare ki da yaranki.